Tsingaron Kufai

Ku matso kusa, muryata ba ta kai zaure yanzu. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya na saba yi muku magana. Jiya na ji wata daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana cewa ginin tukwane ai wasan laka ne, kowane yaro yana yi in ruwa ya ɗauke. Na ji, na yi dariya a raina, domin ruwan da ta kora maganar da shi daga randar can ta ɗebo shi, wadda ke kusurwar ɗakina. To yau za ku ji yadda aka yi randar nan.

A gindin duwatsun Roni aka haife ni, a hannun ƙanwar ubana na tashi, Gwaggo Dije, maginiya 'yar maginiya. Shekarar da aka yi ta kaɗe-kaɗe wai Turawa sun miƙa mulki, ni ina bakin turmi ina dakan tsingaro, wato gutsattsarin fasassun tuluna da randuna. Aikina na farko ke nan, kuma na daɗe a kansa. In daka, in tankaɗe, abin da ya ƙi wucewa a rariya in mayar turmi. Damina ta zagayo ta sake zagayowa ban taɓa yumɓu ba.

"Gwaggo, ni yaushe zan gina?"

"Da wane hannun? Wannan mai kama da ƙafar kaza? Daka, 'yar nan. Wadda ba ta san yadda tulu ke mutuwa ba, ba ta san yadda ake haihuwarsa ba."

Ga dalilin dakan. Yumɓu zalla ba ya ginuwa. Danƙo ya yi masa yawa, in ya fara bushewa sai ya ja jikinsa ya tsage. Sai an cuɗa shi da garin tsohuwar randa wadda ta riga ta ga wuta, ita ce ke riƙe sabuwa. Kuma ba kowane tsingaro ba. Na tukunyar girki ya sha gishiri da mai da kanwa, in ya shiga randa sai jikinta ya riƙa ɓarɓashi, ruwa ya yi ɗanɗano. Sai na abin da ruwa kaɗai ya zauna a cikinsa. Gwaggo takan ce ba a gina sabuwa sai da tsohuwa a cikinta. A lokacin na ɗauka maganar turmi take yi kawai.

Tuluna na farko har yau ina ganinsa. Na kifa tsohon tulu, na yayyafa masa toka, na faɗaɗa yumɓu kamar gurasa na ɗora masa a baya kamar goyo, na bi shi da ɗan katakon bugu har ya yi kauri ɗaya. Nan wajen akwai lokaci: ki ɗaga da wuri ya zube, ki makara ya matse uwar ya tsage. Na ɗaga, na juyo shi, na shiga murza yumɓu kamar igiya ina ɗorawa. Ku sani, tulu ba ya juyawa, maginiya ce ke zagaya shi, a sunkuye, da baya da baya, hannu ɗaya ciki hannu ɗaya waje, har ƙugunta ya manta yadda ake miƙewa. Na fitar da wuya da jiƙaƙƙen tsumma, na yi masa ado da totuwar masara. Na kai wa Gwaggo ina murna. Ta zura hannu ciki, ta lalubo wani wuri da ya fi ɗan'uwansa kauri, ta ajiye shi ƙasa, ta taka shi da ƙafa.

"Gara ƙafata da wuta," in ji ta. "Ƙafata shi kaɗai ta kashe. In ya fashe a wuta da maƙwabtansa zai tafi."

Sai da hannuna ya zauna ta nuna mini sauran: shafa jar ƙasa, gogewa da zaren 'ya'yan kuka har jiki ya yi sheƙi, da yayyafa ruwan bagaruwa a kan tukunya tana da zafi in ana son ta baƙa. Daga ƙarshe ta kama babban yatsana ta danna shi a ƙarƙashin wuyan wani tulu ɗanye. A matoya, can bayan gari inda ake toya tukwane, mata da yawa ke haɗa kayansu a wuta ɗaya, da wannan shaidar kowa ke gane nata. Tana riƙe da yatsan ta ce, "Daga gindi zuwa baki aikinki ne. Daga an cinna wuta ba naki ba ne, na Mai wuta ne."

Masu saye kuwa iri-iri. Iyayen amare masu son a jera musu tukwane tun daga babba har ƙarama. Mutanen arewa da ke gangarowa kasuwar Babura da kuɗinsu na sefa a ƙulle a bakin rawani. Sai Hajjo, wata Bafulatana ta rugar da ke hanyar Gwiwa, wadda ba ta taɓa sayen tulu ba sai ta ƙwanƙwasa duk abin da na shimfiɗa.

"Maginiya, tulun nan naki kurma ne. Ina bugunsa ba ya amsawa."

"Ba kurma ba ne, Hajjo, Fulatanci ne ba ya ji. Gaishe shi da Hausa."

"Ai in ya je ruga zai koya. Rage mini."

Haka muke, ta kawo nono, ta tafi da tulu, ta dawo ta ce ya fashe da kansa, alhali na san saniya ce ta shure shi.

Kwanci tashi, Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma ina ɗakin kakanku da 'ya'ya ƙanana. Sai shekarar fari ta zo. Aka yi ruwan shuka, aka shuka, sama ta ɗauke. Aka sake, ta sake ɗaukewa. Rijiyoyi suka koma taɓo, taɓon ya koma ƙura. Shanu suka riƙa durƙusawa a kan hanya ba sa tashi. A lokacin ana ta cewa ƙasa ta samu arzikin mai, abin da ya iso mu daga arzikin nan shi ne tankar ruwa da ke fitowa daga Kazaure jifa-jifa. Tanka ba ta jira. Mai hali ya tara duro, marar hali ya tara tulu ɗaya ko biyu, ya tsaya yana kallon ruwa yana komawa cikin mota. Sai gidaje suka fara rufewa. Ka wayi gari ka ga ƙaya a ƙofar maƙwabci, an tafi Kano.

Wata rana da hantsi kakanku ya zauna a bakin rumbu, rumbun ba ko zangarniya, ya ce mu ma mu ɗaure kaya. Zai je ya yi dako ko ga-ruwa a birni. Na san waɗanda suka tafi irin wannan tafiyar ba su cika dawowa ba, gonar gado ta zama ta wani, gida ya zama kango.

"Malam, ka ba ni toyi ɗaya. Manyan randuna zan gina. Duk ƙasar nan abin tara ruwa ake nema, za a ba mu hatsi a kansu."

"Da wane ruwan za ki kwaɓa? Da wane karan za ki toya? Karan da akuya ba ta samu ba?"

"Wannan nawa ne. In sun fito mu zauna. In sun fashe ni zan fara ɗaure tabarma, ba sai ka ce mini ba."

Ya miƙe daga bakin rumbun. Ya ce, "Toyi ɗaya."

Ruwan kwaɓi a masallaci na samo shi. Ranar da tanka ta zo ne kaɗai mutane ke alwala da ruwa, sauran kwanaki taimama. Na roƙi kakanku ya roƙi liman, aka jera kasake a ƙofar masallaci, kowa ya yi alwalarsa a kan kasko. Mata ma a cikin gida haka. Abin da ya zubo daga fuska da gwiwar hannu shi na riƙa tarawa a tulu ina toshe bakinsa da tsumma. Duk randar shekarar nan da ruwan alwalar mutanen garinmu aka kwaɓa ta.

Yumɓun ne ya so ya kayar da ni. Kududdufin da muke ɗiba tun kakanni ya bushe ya dare, na samansa ya mutu, ka murza ya zama gari. Kakanku, da ya ce ba ruwansa, shi ya ɗauki dagi ya shiga haƙa har rami ya shanye tsawonsa. Can ƙasa ya tarar da wani yumɓu baƙi, mai sanyi, mai laushi kamar man shanu, da wasu fararen ɓawo irin na katantanwa birjik a cikinsa. Na gwada shi da 'yan ƙananan kasake, kafin su bushe duk sun tsage. Danƙonsa ya ninka wanda na sani. Tsingaro yake so, mai yawa. Na bi juji na tsince, bai kai ko'ina ba, kuma a shekarar ba mai yar da tulu. Wanda ya tsage ma liƙe shi ake yi da ƙaro.

Sai na tuna da kufai. A saman dutsen da ke gabas da gari akwai inda mutanen dauri suka zauna a zamanin hare-hare, tun kafin kakannin kakanninmu su sauko fili. Ba mai hawa. An ce iskoki sun gaje wurin.

"Ba na son ki ɗebo mana abin da ya fi yunwa," in ji kakanku.

"Malam, aljani ba ya gina tulu. Wanda ya gina tulu ƙishirwa yake ji, ɗan'uwanmu ne."

Na ɗauki kwando na hau, rana tana tsaka don kada a ce na yi sata. Da na isa na yi sallama irin wadda ake yi wa makabarta. Ba kowa sai ƙadangaru. Amma tsingaro, jama'a, kamar an shanya shi. Na zauna ina zaɓe: mai baƙin hayaƙi a gindi na girki ne, in ajiye, mai tsabta in taɓa da harshe, in ba gishiri in jefa kwando. Ina cikin haka na ɗago wani guntun wuyan randa, na share ƙasar da ke jikinsa. A ƙarƙashin wuyan ga shaidar yatsa. Na ɗora babban yatsana, ya zauna daram, kamar jiya na danna.

Ban san sunanta ba. Ban san yarenta ba, ban san ko ta taɓa jin kiran salla ba. Na san dai ta yi baya da baya a sunkuye kamar ni, ta bar baki da kauri yadda Gwaggo ta koya mini, kuma da na duba karayar guntun na ga garin wata tsohuwar randa a cikin tata. Ita ma ta daka ta wata. Na ɗaga kai na hango garinmu can ƙasa, ɗakunan a kife kamar tukwanen da aka jera za a toya, sama kuma fara fat ta rufe su ta ko'ina. Na ce, "Baiwar Allah, aron ƙasarki zan yi, 'ya'yana za su sha ruwa." Na jefa guntun a kwando. Na yi ta hawa ina sauka har na tara abin da zai isa, kuma ban ware nata ba, turmi ɗaya suka shiga da sauran.

Ana nan sai ga masu haƙar rijiyar gwamnati sun yi sansani kusa da kududdufin da injinsu. A cikinsu akwai wani Malam Bukar, mutumin gabas, aikinsa duba ƙasar da injin ke fitarwa. Ya iske ni a bakin rami, ya tsuguna ya tsinci ɓawon nan yana juyawa.

"Sannu da aiki, uwar gida. Kin san mene ne wannan?"

"Katantanwa ce ta ɓata hanya."

Ya yi dariya. "Ba ta ɓata ba, gidanta ne. Nan inda muke tsugune ruwa ya taɓa kwanciya, mai zurfi, ya daɗe, tun ba a yi garin nan ba. Yumɓun nan ma da kike gani, duwatsun can ne. Ruwan sama ke cin su kaɗan-kaɗan, yana gangaro da garinsu nan, shekarun da ba wanda zai iya ƙirgawa."

"Kana nufin dutsen nan daka shi ake yi?"

"Kusan haka."

"To ashe ba ni ce na fara daka a garin nan ba. Malam, tunda ka san ƙasa, in tambaye ka. An ce a rediyo Turawa sun hau wata sun ɗebo ƙasarsa. Tana ginuwa?"

"Ina! Ƙura ce busasshiya. Can ba a taɓa ruwan sama ba, ko ɗigo. Ba ruwa, ba yumɓu."

"Duk haskensa?"

"Duk haskensa."

"To ko a farin nan mun fi wata arziki."

Ya ce wallahi kuwa. Da zai tashi ya miƙo mini ɓawon, ya ce, "Amma ki tsince waɗannan tas kafin ki kwaɓa. In suka sha wuta farar ƙasa suke zama, ranar da ruwa ya taɓa su su kumbura su fasa miki randa daga ciki." Ban san wannan ba, Gwaggo ma ba ta sani ba, don ba ta taɓa haƙawa ta kai nan ba. Na baje yumɓun da na riga na haɗa, na bi shi da yatsa ina tsincewa. Ban sake ganin mutumin ba. Har yau yana cikin addu'ata.

Na gina. A cikin ɗaki na shanya su, na lulluɓe da tsummokara don kada zafi ya fizge su. Ba wadda ta tsage. Saura abin toyi, ga kara babu, ciyawa babu. Sai ga Hajjo ta zo sallama, za su yi kudu da 'yan shanun da suka rage. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Ta leƙa ɗaki ta ga randuna.

"Maginiya, har yanzu kina haihuwar kurame?"

"Ina haihuwa, Hajjo, abin gasa su ne babu."

"Je ki tsohon mashekarinmu, bayan tsamiyar nan. Kashin shanu na nan ya kwanta kamar daɓe, na shekara da shekaru. Shanun sun tafi, su bar miki gado."

Da jaki muka yi ta kwasowa. Abin rufin sama kuwa, kakanku ne da kansa ya hau ya sauke jinkar rumbu. Ya ce rumbun da ba hatsi me zai yi da hula.

Bayan la'asar, da iska ta kwanta, na jera su a matoya baki ƙasa, na cusa kashin shanu a tsakaninsu, na rufe da jinka, na yi bisimilla na cinna ta ɓangaren da iska ke fitowa. Daga nan ba nawa ba ne. Wuta ta kama, ta yi ja. Can sai muka ji tas! kamar bindiga. Kakanku yana tsaye nesa da hannu a baya. Aka jima aka sake jin wata. Matan da suka zo kallo suka fara salati. Na ɗauki doguwar sanda na tura garwashi inda ya yi rami, abin da ya rage mini in yi ke nan, na koma gida na duba igiyar ɗaure tabarma tana nan inda take.

Da gari ya waye na je na ture toka. Ta bakin iska ta fashe, ta tafi da maƙwabciyarta, yadda Gwaggo ta faɗa. Na ƙwanƙwasa ta kusa da su da bayan yatsa. Ta amsa, ƙarau, kamar ƙarfe. Na ƙwanƙwasa ta gaba, ta amsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya suna amsawa. Kakanku ya zo ya tsuguna, shi ma ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

"To," in ji shi, "sai a nemo wa rumbu wata hular."

Da tanka ta dawo aka cika su, ba wadda ta yi yoyo. Jaki ya kai wasu Kazaure, wasu Yankwashi, ya dawo da dawa. Na sake toyi, na sake. Da haka muka kai ga damina, kuma gonar da kuke cin geronta yau ita ce wadda ba mu bari ba.

Bayan nan roba ta zo, da tukunyar ƙarfe, 'yan mata suka ce yumɓu kayan ƙauye ne. Matoya ta koma fili ana ɗaure awaki. Ban yi faɗa da roba ba, tana da sauƙin ɗauka. Sai dai ruwa ba ya sanyi a cikinta, don ba ta numfashi, kuma in ta fashe ba ta shiga cikin 'yar'uwarta, sai ta kwanta a juji tana jiran akuya.

Malamai sun ce daga yumɓu aka yi Ɗan Adam. Ni ban yi karatu ba, amma na yarda tun kafin a gaya mini, don na ga yadda yake tsagewa in babu tsoho a cikinsa. Ana daka dutse a sama ba mu ji ƙarar taɓarya ba, ana tara mana garinsa tun ba a haife mu ba, aka hana wata ruwa aka ba mu. Mu kwaɓawa ce tamu da zagayawa, na ɗan lokaci, mu danna yatsa mu ba wani wuri. Busa rai kuwa, da abin da zai fito daga wuta, na Mai shi ne.

Randar can ita kaɗai na riƙe daga toyin farko. A cikinta akwai dutsen Roni, da alwalar mutanen da yawancinsu suna ƙasa yanzu, da matar kufai, da yatsana a wuya. Bana ta fara tsattsafowa ta gindi, na ga damshi a ƙasa, ba za ta daɗe ba. Ranar da ta fashe, ko ina nan ko ba na nan, kada wanda ya kai ta juji. Ku daka ta.

Ke kuma mai cewa wasan laka ne, na ga kin sunkuyar da kai, ɗago. Ga turmi can a gindin bango, ga taɓarya a jingine. Gobe da hantsi ki zo da rariyar uwarki. Da tsingaro za ki fara.